Ana cin naman mahauci, ana gudun 'yarsa

A Birnin Kudu na tashi, kuma a nan da Gwaram na sha jin manya suna cewa ba a neman aure a gidan Rundawa. Ban taɓa jin wanda ya kafa hujja da aya ko hadisi ba. Iyakar amsar ita ce, haka aka tarar.

Tushen abin yana cikin tsarin sana'ar gado. Ɗan mahauci mahauci ne, Sarkin Fawa ne shugabansu, kuma da yake aikinsu na jini da ƙarni ne, sai aka ajiye su a ƙasan kowa. A 1959 masani M. G. Smith ya rubuta cewa Hausawa suna sanya mahauta da makaɗa a matakin ƙarshe na daraja. Indiya ma ta san irin wannan ƙyama, domin haka aka yi wa Chamar, masu aikin fata, har tsarin mulkin 1950 ya haramta tsangwamarsu.

Yau fawa ta gina gidaje, ta kai mutane Makka. Tsire da kilishi sun isa Legas da Abuja, 'yan haye sun cika sana'ar, 'ya'yan Rundawa kuwa suna jami'o'i. Amma da zarar magabata sun fita binciken asali, sai tsohon zance ya dawo, a fasa aure. A ganina, wanda ya amince da yankan mutum ya riga ya shaida addininsa da amanarsa. Me kuma ya rage da zai hana a haɗa zuriya da shi?