Sabuwar Unguwa: Ina Zaure Ya Tafi?

Duk wanda ya biyo titi daga Aliero ya ratsa Jega ya nufi Maiyama a 'yan shekarun nan, zai ga yadda gonakin bakin gari suke komawa fulotai. Inda a da ake yankan gero da dawa, yau bulo ne da kwano, kowane gida da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Abin ya soma ƙarfi ne bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ya kuma ƙaru a Aliero tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006. Mu malaman makaranta muna cikin masu wannan ƙaura, domin burin da yawa daga cikinmu shi ne mu yi adashi mu sayi fili a sabuwar unguwa. Saboda haka muna da ta cewa.

Sukar zaman bayan gari ba a kanmu aka fara ba, sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A Amurka masu hali ne suka fice daga birni. A 1947 aka fara gina unguwar Levittown a jihar New York, gidaje fiye da 17,000 kusan iri ɗaya, kuma aka hana baƙar fata shiga. Kukan marubutansu shi ne kaɗaici, da wariya, da zama bawan mota, wato ko burodi mutum zai saya sai ya tayar da inji. Wata marubuciya, Jane Jacobs, ta nuna a littafinta na 1961 cewa idon maƙwabta da masu shaguna shi ke tsare titi. A Faransa kuwa akasin haka ne. Masu kuɗi sun riƙe tsakiyar Faris, aka tara talakawa da 'yan ci-rani a dogayen benaye a gefen birni, har abin ya kai ga tarzomar 2005. Kukansu na wanda aka tura waje ne aka rufe ƙofa.

To mu fa? Mu da Turawan mulki aka fara. Dokar Lugga ta 1917 ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Da suka tafi manyan ma'aikata suka gaji gidajen, muka koyi cewa nisa da jama'a shi ne ci gaba. A zamanin Shagari, daga 1979 zuwa 1983, an gina gidaje masu sauƙin kuɗi a faɗin ƙasar nan, da yawa can nesa da gari, har wasu suka daɗe babu mai shiga.

Sabuwar unguwarmu ta yau ta haɗa ciwon biyu. Ta ɗauko katangar mai kuɗin Amurka, ta haɗa da rashin kulawar da ake wa talakan Faransa. Gida kan riga titi da kwata da famfo zuwa. Kowa ya haƙa rijiyarsa, kowa ya nemi hasken kansa, in damina ta sauka kowa ya tura ruwa ƙofar maƙwabcinsa. Manomin da ya sayar da gonar gado kuma, kuɗin kan ƙare cikin shekara biyu, ya wayi gari ɗan ƙwadago a kan ƙasar kakansa.

Amma babbar asara ita ce zaure. A tsohon gida zaure ne makarantar allo, nan baƙo ke sauka, nan ake sasanta ma'aurata, nan ake fito da tuwon dare a ci tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu ba tare da an gane ba. Sabon gini ya mayar da wurin zaure garejin mota. Mu da muke aji muna ganin sakamakon: yaro ya iya latsa waya, amma bai iya gaida dattijo ba, bai taɓa jin tatsuniya daga bakin kaka ba, domin an bar ta a cikin gari.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a koma jiya. Tsohon gari ya cika, gidan gado an raba shi har ɗaki ya zama rabon mutum uku, kuma mace tana da haƙƙin ta samu tsakar gida tata. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Hukuma ta fitar da titi da kwata da filin makaranta kafin a yanka fulotai, a kuma bar fadama ga noma. Mai gini ya rage katanga, ya bar wa zaure wuri ko da ƙarami ne.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, littattafanmu sun cika da yabon gida mai maigadi da falo uku. Lokaci ya yi da za mu rubuta labarin tsohuwar da aka bari a cikin gari, da amaryar da ta yi naƙuda cikin dare babu maƙwabciyar da ta ji. Wannan kukan namu ne, ba Ba'amurke ko Bafaranshe da zai yi mana shi. Allah Ya sa mu dace, amin.