Daren da 'Manos' ya ba Oga kunya

A majalisarsu Oga suke ce masa, domin in dai maganar fim ce, tasa ake ji. Shi ya yi ta zuga abokai cewa ya samo wani tsohon fim ɗin Amurka mai ban tsoro, "Manos: The Hands of Fate", na 1966. Shi kansa bai kalla ba, sunan ne ya ruɗe shi.

Aka kunna. Wani magidanci da matarsa da 'yarsu sun ɓata a hanya. Sai tuƙi, sai tuƙi, mintoci suna ta wucewa babu abin da ya faru. Da suka isa gidan da Torgo ke gadi, gwiwoyinsa kamar an cusa tsumma a wando, sai wani ya tuntsire da dariya. Shi ke nan, tsoro ya tashi.

Wani ɗan inshora ne, Harold Warren, ya shirya fim ɗin a garin El Paso da kimanin dala 19,000. Shi ne furodusa, shi ne darakta, shi ne jarumi. Kyamararsa ba ta ɗaukar sauti, kuma daƙiƙa 32 kacal take yi ta tsaya. Daga baya aka ɗora muryoyi, baki daban, magana daban. Amma talauci ai ba shi ya hana labari tafiya ba.

Kafin fim ya kai rabi majalisa ta watse. Har yau in Oga ya yabi fim, sai an tambaye shi: "Ka dai kalla?"