Yis ɗin fanke da jinin 'ya'yanmu

A Wadata, yis abin masu fanke ne da masu burodi, kuma ɗalibaina iyakar abin da suka sani game da shi ke nan: a zuba a ƙullu, ya kumbura. Idan na ce musu rai gare shi, har yana da ƙwayoyin gado kusan 6,000 waɗanda aka gama karantawa tun 1996, sai su kalle ni kamar mai tatsuniya.

To ga abin da ya fi wannan. A 1987, a Landan, Paul Nurse da Melanie Lee suka saka ƙwayar gadon ɗan Adam cikin wani yis da tasa ta lalace, ya ci gaba da hayayyafa. A 2015 masana a Jami'ar Texas suka gwada guda 414, kusan rabi suka yi aiki. Ashe ana iya cire wa yis tasa ƙwayar, a ba shi ta mutum mai ɗauke da wani canji, a zuba ido. In ya bunƙasa, furotin ɗin na aiki. In ya tsumbure, canjin ya yi ɓarna.

Me ya kai malamin makaranta cikin wannan? G6PD. Sikila dai an santa a Yamai, har cibiyarta ta ƙasa muke da ita, amma wannan ba kowa ya taɓa jin sunansa ba, alhali ƙarancinsa ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Furotin ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Mai ƙarancinsa lafiyarsa lau, sai ranar da ya sha magani irin primaquine ko ya haɗu da kafur ɗin da muke jefawa cikin kayan jarirai. Jini ya farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, a ce shawara ce a tafi neman saiwa.

Furotin ɗin sarƙa ce mai ƙulli 515, kowane ƙulli ana iya musanya shi da wasu 19. Ku lissafa da yaranku: 9,785. Wasu canje-canjen ba su da illa, wasu kan kwantar da yaro. Wane likita ne zai jira ya ga mai kowanne? Yis kuwa yana da irin wannan furotin, yana ninka kansa cikin kusan minti 90, don haka a Jami'ar Washington da ke Amurka aka yi ta gwada canje-canjen G6PD a jikinsa.

Ban yarda a zuzuta abin ba. Yis ba shi da jini, ba shi da hanta, amsarsa manuniya ce kawai. Kuma ko an cika littafi da sakamako, bai amfani uwar da ba a taɓa auna jinin ɗanta ba. Shi ya sa a taron iyaye nake roƙon abu biyu: a fitar da kafur daga kayan jariri, kuma jaririn da idonsa ya yi rawaya a kai shi asibiti a ranar.