Mafarkin Sarkin Masar

Kowa yakan yi mafarki, babba da yaro, sarki da talaka. Yawancin mafarkai ba su da wata ma'ana. Yaron da ya wuni yana kiwo, ba abin mamaki ba ne in ya ga awaki cikin barcinsa, wanda kuwa ya kwanta da yunwa sai ya yi ta ganin tuwo. Amma akwai mafarkin da ke zuwa da saƙo, sai dai a sami mai ilmin fassara shi. Irin wannan ne wani Sarkin Masar ya yi a zamanin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Masar ƙasar rairayi ce, ruwan sama bai cika sauka ba. Kogin Nilu shi ne abin dogaron mutanenta. A da, kowace shekara in an yi ruwa a duwatsun Habasha, sai kogin ya cika ya batse, ya malale gonaki, ya bar musu baƙar laka mai albarka. In ya cika an ci, in ya ƙi sai yunwa. Haka aka yi ta yi har aka gama madatsar Aswan cikin 1970.

Wata rana da dare Sarki ya yi mafarki. Ya ga shanu bakwai masu ƙiba, sai ga waɗansu bakwai ramammu suna cinye su. Ya kuma ga zangarniya bakwai ɗanyu shar, da waɗansu busassu ƙayau. Ya farka hankalinsa a tashe, don kuwa bai taɓa jin saniya ta ci 'yar'uwarta ba. Gari na wayewa ya tara fadawa, ya kwashe mafarkin ya gaya musu. Suka yi ta kallon juna, daga ƙarshe suka ce shirmen barci ne kurum. Sarki dai bai gamsu ba.

To, akwai wani bara mai miƙa wa Sarki abin sha. An taɓa ɗaure shi a kurkuku tare da Yusufu, wanda aka tsare bisa ƙazafi, ba da laifin kome ba. A can ya yi mafarki, Yusufu ya fassara masa cewa zai fita ya koma ga aikinsa, haka kuwa aka yi. Yusufu ya roƙe shi ya ambace shi wurin Sarki, amma ya mance har shekaru. Sai ran nan ya tuna, ya nemi izini, ya nufi kurkuku da mafarkin Sarki.

Yusufu bai yi masa gori ba. Ya bayyana masa cewa shanu masu ƙiba da ɗanyar zangarniya shekaru bakwai ne na ƙoshi. Ramammu da busassu kuwa shekaru bakwai ne na fari da za su biyo baya, su lashe abin da aka tara. Bayansu shekarar ruwa za ta zo, jama'a su huta.

Bai tsaya ga fassara kaɗai ba, sai da ya haɗa da shawara. Ya ce a dage da noma shekara bakwai, a ci kaɗan, a ajiye saura cikin zangarniyarsa, kada a sussuke. Wannan dabara manoman ƙasar Hausa sun san ta. Sukan ɗaure gero da dawa dami-dami su jera cikin rumbu, domin hatsin da ba a sussuke ba ya fi daɗewa, ƙwari ba su saurin cinsa.

Da Sarki ya ji haka, ya ce a zo masa da Yusufu. Amma Yusufu ya ƙi fita sai an binciki ƙazafin da aka yi masa. Aka bincika, gaskiya ta bayyana, sa'an nan ya fito da mutuncinsa. Sarki ya danƙa masa rumbunan ƙasa duka.

Shekarun ƙoshi suka wuce, fari ya sauka, amma Masar na da abinci. Har daga ƙasar Kan'ana aka riƙa zuwa awo. Cikin masu zuwa har da 'yan'uwan Yusufu, waɗanda suka jefa shi rijiya yana yaro. Ga su a hannunsa, amma ya yafe musu.

Wannan labari yana cikin Suratu Yusufu, sura ta 12 a Alƙur'ani, mai ayoyi 111. Da Sarki ya bi maganar fadawa, da mutane da yawa sun hallaka. Don haka ba kowa ake kai wa mafarki ba, sai mai ilmi, mai gaskiya, mai son mutum da alheri. Kuma fassara kaɗai ba ta cika rumbu, sai an ɗauki fartanya.

Tambayoyi

1. Me Sarkin Masar ya gani cikin mafarkinsa?
2. Don me Yusufu ya ce kada a sussuke hatsi?
3. Me ya sa ya ƙi fita kurkuku nan da nan?