Daren da muka ci ƙaguwa a gidan Tanti

Jama'ar Gaya da kewaye, na gida da na tafiya, har da 'yan'uwa na Malanbil da Kamba da ke biye da mu. Yau ba zancen farashin masara ko kuɗin kwale-kwale muka zo da shi ba. Asirin gidanmu za mu tona da bakinmu, tun kafin maƙwabta su riga mu.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san al'adar kwano. Da an sallame magariba sai ka ga yara suna ƙetara lungu da kwanuka a rufe, wannan gida ya kai wa wancan, wancan ya maido. Kuma kwano ba ya komawa wayam, ko ƙuli-ƙuli ne sai an jefa a ciki.

To mu katangarmu ɗaya da wasu mutanen Benin, 'yan Bohikon, can kudu kusa da Abome. Sun fi shekara goma a unguwar. Maigidan, wanda kowa ke kira Tonton, aikin taranzit yake yi, wato fitar da takardun manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su ƙetara gada su nufi Doso da Yamai. Matarsa mu Tanti muke ce mata, Innarmu kuwa Maman Biyu, saboda tagwayenta. Kiristoci ne, mutanen kirki, ba mu taɓa jin kansu da kowa ba. Haihuwa, rasuwa, suna, duk da su ake yi.

Tun makon da suka tare Tanti ta shiga layin kwano. Mu aika mata tuwo da miyar kuka ko dambu, ita ta aiko da nata. Ga gaskiyar da muka zo faɗa: a duk tsawon shekarun nan, babu babba ko ɗaya a gidanmu da ya taɓa sa hannu a kwanon Tanti. Za a karɓa da fara'a, a ce an gode Allah ya ƙara arziki, a buɗe a leƙa, a ga wani jan tuwo mai maiƙo ko wata miya da ba mu san kanta ba, a rufe. Almajirin da ya fara sallama shi ke da rabo. Da safe a wanke kwano a zuba wani abu a mayar, har da saƙon "a ce mata ya yi daɗi ƙwarai".

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wani yammaci ɗaya daga cikin almajiran ya ga an daɗe ba a samu ba, sai ya yanke shawarar zuwa tushe. Ya tsaya ƙofar Tanti ya ce: "Tanti, don Allah yaushe za ki sake irin jan tuwon nan da kike aika wa gidan Alhaji? Mu ne ke cinye shi kullum, wallahi ya fi na kowa." Yaro yabo ya je yi, bai san wuta ya kunna ba.

Kwana uku kwano bai shigo ba. Inna ta kasa sukuni, ta ce ruwa ba ya tsami banza. A rana ta huɗu sai ga Tanti da kanta, ta durƙusa ta gaida Baba Alhaji, ta gaida Inna, ta ce da Hausarta mai haɗe da Dendi: "Mama, ran Asabar bayan isha ina gayyatar gidan nan duka. Ba kwano wannan karon. A gabana za a ci, ina kallo." Ta yi dariya, mu ma muka yi, amma kowa ya gane saƙon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ran Asabar muka ɗunguma mu tara, Baba a gaba da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ga buta ga sabulu. Tanti ta fara jera kwanuka tana faɗin sunan kowane.

Na farko shi ne jan tuwon nan na almajirai. Amiwo sunansa. Garin masara ne, sai dai maimakon a tuƙa shi da ruwa zalla, a cikin romon kaza ake tuƙa shi, da tumatir da albasa da mai, ga soyayyar kazar a gefe. Na biyu wani farin abu ne a naɗe cikin ganye, ta ce akasa. Inna ta kwance ɗaya, ta shinshina, ta ce: "Wanga ai kafa ce, yawon duniya ta tai ta sake suna." Na uku miya mai yauƙi, kirinkirin. Yayarmu ta ɗaga cokali ta ga yadda take ja, ta ce ai lalo ce, ga ta can tana fitowa a bayan gidanmu ba mai kula ta. Ƙamshin da muka daɗe muna zargi kuwa, ta ce afitin ne, da ta nuna mana sai ga daddawar ɗorawa sak. Ga kuma wagashi soyayye, cukun Fulanin Borgu da ake daskarar da madararsa da tumfafiya, wanda shi kam mun san shi tun a kasuwar Malanbil.

Har nan komai lafiya lau. Mun fara sakin jiki, muna cewa ashe tsoron banza muka yi ta yi. Sai ta buɗe kwano na ƙarshe.

Jama'a, miyar ganye ce, amma daga cikinta ƙafafu ne suka leƙo. Ƙaguwa! Ƙanwarta ce ta zo da su daga Kwatano a cikin kula da ƙanƙara, tafiyar sama da kilomita 700, aka ƙetaro da su ta kwale-kwale. Baba ya ja da baya har hularsa ta karkace. Ya ce: "Kai ɗan Dahome, mi na yi maka? Kunama ta ruwa za ka ba ni a tsufana?"

Tonton ya gyara zama, dama abin da yake jira ke nan. Ya ce: "Haba Alhaji. Ku da kuka je har kotun duniya a 2005 kuka karɓe mana tsibirin Lete, ƙaguwa guda ita za ta gagare ku?"

Baba ya ce: "Lete ba ta da ƙahwa goma."

Muka tuntsire. Sai ƙanen Baba, wanda muke kira Malam, ya yi gyaran murya ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa cikin ruwa halal ne, ƙaguwa ma tana ciki. Baba ya juyo ya harare shi: "Wa ya tambaye ka? Kullum in ana neman fatawa ba a ganinka, yau da ba a so ka zo da ita." Tonton ya ce tunda Malam ne ya halatta, shi zai fara. Malam ya ce shi mai ba da fatawa ne, ba mai gwaji ba.

Autanmu ne ya fitar da mu kunya. Ɗaya daga cikin tagwayen ya nuna masa yadda ake fasa ƙaho a zuƙe farin naman da ke ciki. Ya ci, ya yi shiru, ya miƙa hannu ya ɗauki ta biyu. Daga nan kowa ya ɗanɗana. Wasu sun so, wasu sun haɗiye da ruwa. Baba ya ci miyar da akasa, ya tura ƙaguwar gefe ya ce ya yafe mata saboda zumunci. Amiwo kuwa, ko ƙanzo ba mu bari ba. Yayarmu tana siɗe hannu ta ce: "Ashe almajiran nan shekara goma suna cutarmu."

Amma abin da ya sa muka rubuta wannan ba dariyar ba ce. Da aka kwashe kwanuka, Tanti ta matso kusa da Inna ta ce: "Mama, faɗa mini gaskiya. Ƙazanta kuka gani a wurina?" Wuri ya yi tsit. Inna ta sunkuyar da kai ta ce: "A'a ɗiyata, ko kusa. Tsoron yanka muka yi. Ba mu san wa ke yanka muku ba, kuma mun ji nauyin tambaya."

Tanti ta daɗe tana kallonta, sannan ta nuna Malam. Ta ce: "Ku tambaye shi wa ke yanka mini kaji tun ranar da na zo unguwar nan."

Sai a lokacin abin ya faɗo mana. Shekara da shekaru muna ganin tagwayen suna shigowa da kaza a hannu suna neman Malam, har muna yi wa Tonton dariya wai ƙato da shi yana tsoron jini. Ashe ba tsoro ba ne. Ta ce naman sa da na rago a wurin mahaucin da muke saye take saye, kuma tana da tukunya guda da ludayinta da ta ware, ba a dafa komai a ciki sai abin da za a kai gidan maƙwabta. Ba wanda ya ce ta yi, ba ta kuma taɓa faɗa ba. Ita tana can tana kiyaye mana addininmu, mu muna nan muna miƙa wa almajirai wahalarta, muna aika mata da godiyar ƙarya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Tambaya ɗaya tak, wadda ba ta fi ƙarfin minti guda ba, ita muka kasa yi shekara goma. Mun kira abin kunya da kara, amma in za a faɗi gaskiya har da zato a ciki. Inna ta riƙe hannunta ta ce ta yafe mana. Tanti ta ce ta yafe, amma da sharaɗi: Asabar mai zuwa su ne baƙinmu, kuma kada a rage musu komai.

Ai kuwa ba mu rage ba. Aka yi dambun zogale, aka yi kopto da ƙuli-ƙuli, aka dama fura da nono, aka dafa muruci. Su duka sun saba da waɗannan. Sai Baba da kansa ya shigo da faranti a rufe ya ajiye gaban Tonton. Soyayyar fara ce, ta sha yaji da gishirin Foga. Tonton, wanda ya shekara goma yana kauce wa tiren masu fara a tasha, ya ce: "Alhaji, wannan ai annoba ce, gwamnati feshi take yi mata." Baba ya ce: "Jatan lande ne na tudu. Naku na iyo, namu na tashi. Kuma ƙahwa shida gare ta, na rage maka huɗu." Tonton ya rufe ido ya tauna ɗaya, ya ce wallahi da ƙaguwa da fara 'yan gida ɗaya ne. Tanti kuwa sai da ta ƙulle sauran a leda.

Tun daga ranar muke ta tunani. Mu da ke zaune a bakin iyaka uku, da safe mu ci burodi da shayi, da rana garin rogo da ƙuli, da dare tuwon masara, mene ne ma abincin baƙi a wurinmu? Masarar kanta, da rogo, da barkono, da tumatir, da gyaɗar da muke ƙuli-ƙuli da ita, duk daga nahiyar Amurka jiragen Turawa suka kawo su Afirka, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Akwai ranar da wani kakanmu ya kalli barkono kamar yadda Baba ya kalli ƙaguwa. Yau a hana mu yaji kwana biyu a ga tashin hankali.

Mu 'yan Nijar muna alfahari da wasan barkwanci, Arawa da Fulani, Zabarmawa da Buzaye, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Ba mu gaji wasa da mutanen Abome ba, amma ga shi Baba da Tonton sun ƙulla nasu a kan tabarma. Yanzu in sun haɗu a ƙofar gida, wannan ya ce "ina kwana mai ƙafa goma", wancan ya ce "lafiya lau sarkin fara".

Abin da ke damunmu shi ne mun makara. Tun da aka rufe gada a 2023 manyan motoci suka daina wucewa, aikin Tonton ya tsaya cak, kamar na ɗaruruwan mutanen garin nan da ke ci daga duwan da tasha. Ya sayar da babur ɗinsa. Tanti ta koma soya doya da wagashi a bakin titi. Sun fara zancen komawa Bohikon in abin bai sauya ba. Shekara goman da ya kamata mu yi muna cin amiwo tare, mun ɓatar da su a kan zato, ga shi yanzu muna ƙirga watanni.

Inna ta ƙara girman kwanon da ake kai musu, ta kuma ce wa Tanti kada ta wahalar da kanta da maidowa. Tanti ta ƙi. Ko ranar da ba ta ɗora tukunya ba, sai ta sa ɗan dakakken yajinta a ciki. Kuma yanzu in kwanonta ya shigo, rububi ake yi. Almajiran unguwa har sun kai ƙara wurin Malam wai an toshe musu hanya, dole Tanti ta ware musu nasu.

To jama'a, mu dai mun tona namu. A unguwarku akwai Bayarabiya mai amala, ko 'yar Togo, ko mutumin Kodebuwa mai aceke, da kwanonsu ke shigowa gidanku yana fita ta ƙofar baya? In wani abu ne ke hana ku, ku je ku tambaya, ba a mutuwa don tambaya. In kuma ba komai sai rashin sabo, ku yi bisimilla ku sa hannu.

Allah ya buɗe mana iyakokinmu lafiya, ya bar mu da maƙwabtanmu. Wanda ya ga Baba kuma kada ya yi masa zancen ƙaguwa, har yanzu bai sauko ba.