Dalma da Kunne: Masu Gyaran Sauti na Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega a shekarun 1980, ya ratsa Boɗinga ya wuce Shagari, ya san wata 'yar rumfa da ba a rasa irinta a bakin kasuwa ko kusa da tasha. Kunne ne ke fara gano ta kafin ido. Rumfar mai gyaran rediyo ke nan: tebur ɗaya na katako, benci na masu jira, matattun rediyoyi da rakodoji jibge har kusa da rufi, da lasifika rataye a ƙofa tana fitar da muryar Ɗanƙwairo ko ta Narambaɗa. Mutanen da suka zauna a bayan waɗannan tebura su ne suka riƙe sautin wannan yanki na tsawon shekaru, kuma abin da suka sani ya fi ƙarfin yadda aka ɗauke su.

Sana'ar ta biyo bayan rediyo ne. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. A tsakanin waɗannan shekaru akwatin rediyo ya sauya kama. Na da, mai bawul, babba ne mai nauyi, sai ya yi zafi kafin ya yi magana, ga cin wuta. Da tiransisto ya maye gurbin bawul, sai rediyo ya ƙanƙance, ya koma aiki da batir, ya bi manomi gona, ya bi makiyayi daji. Kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa a tsakiyar shekarun 1970 ya ƙara cika gidaje da National da Sanyo da Philips, alhazai kuma suka riƙa dawowa daga Makka da rakoda a cikin tsaraba. Bayan an ƙirƙiri jihar Sakkwato a 1976, Rediyon Rima ya zama muryar gida, mai kawo sanarwar rasuwa da ta ganin wata da waƙoƙin makaɗan ƙasar. A garuruwa irin su Sifawa da Danchadi da Dingyaɗi, inda jarida ba ta isa kullum, wanda rediyonsa ya mutu ya yanke da duniya. Shi ya sa mai gyara yake da daraja.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai sukuddireba da filaya da burushi, da mita mai allura idan ya samu hali, da ƙarfen liƙi da dalma. Inda babu wutar NEPA, ko inda take zuwa ta ɗauke, a cikin garwashi ake dafa ƙarfen, kuma dole mai gyara ya san daidai lokacin da zai zare shi: in bai yi zafi sosai ba dalma ba za ta kama ba, in ya wuce kima ya ƙone tiransisto ko ya ɗaye siririn layin tagulla da ke jikin allon. Takardar da ke nuna tsarin cikin na'ura kuwa, sai jefi-jefi ake ganinta. Saboda haka kunne da yatsa suka zama manyan ma'aunai.

Dattijo zai zo da rediyonsa a naɗe cikin tsumma ya ajiye a kan tebur.

"Sannu da zuwa, Baba. Mi as same shi?"

"Ɗana, tun shekaranjiya ba shi magana, sai dai huci."

Daga wannan "huci" mai gyara ya riga ya fara aiki. Zai buɗe baya, ya taɓa ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara murya da bakin sukuddireba. In lasifika ta yi gurnani, ya san ɓangaren da ke ƙara ƙarfin sauti lafiyarsa lau, cutar tana can gaba wajen kamo tasha. In shiru ya ji, sai ya juyo baya. Haka zai yi ta raba na'urar gida biyu, yana bin ta mataki-mataki kamar yadda mai ɗori ke bin ƙashi da yatsa, har ya tsaya a kan abu guda da ya lalace. Shi kaɗai zai cire, ya ciro ɗan'uwansa daga cikin wani mataccen rediyo ya liƙa. Tarin da ke bayansa ba shara ba ne, ma'ajiyar kayan gyara ce.

Ƙasar nan kuma tana da nata cututtukan. Zafin bazara a Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma zafi ne ke busar da ruwan da ke cikin kwandensa. Da ta bushe, sai ka ji amfilifaya tana wani gunji mai kauri wanda ba ya tafiya ko an rage murya, domin kaɗawar wutar lantarki, sau 50 a daƙiƙa, ta samu hanyar kutsawa cikin sauti. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallin murya, sai ya riƙa ƙarce-ƙarce in an murɗa. Batir da aka manta a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen mazauninsa. A rakoda kuwa, robar da ke juya kaset takan saki ko ta narke, sai murya ta riƙa ja tana lilo. Mai gyara ya san cewa zaren kaset yana tafiya ne da saurin santimita 4.76 a daƙiƙa ko da bai taɓa jin wannan adadi ba, domin zai sa waƙar da ya haddace, ya yi ta murɗa ɗan sukurun da ke cikin motar rakodar har sai muryar Shata ta dawo daidai yadda ya san ta.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya fara mayar da ɗakunan mutane wurin ɗaukar sauti. Da rakoda mai bakin kaset biyu, yaro ɗaya a shago zai iya kwafar tafsirin azumi ko waƙar Ɗan Anace ta Shago ya sayar wa gari guda. Iyalai sukan taru a ɗauki gaisuwar kowa a kaset a aika wa ɗan da ya tafi ci-rani Ikko ko Kumasi, shi ma ya ɗauko tasa ya aiko. Makaɗan gari sukan zauna a zaure a ajiye rakoda a tsakiya, mai kalangu ya ja baya don kada ya danne muryar mawaƙi, 'yan amshi su matso. Wannan jeri na wa zai zauna ina shi ne haɗa sauti na wancan zamani. Masu gyara ne ke gargaɗin a sa sabon batir kafin a fara ɗauka, saboda raunin batir yana rage saurin zare, in aka zo saurare da cikakkiyar wuta sai muryar dattijo ta koma ta yaro.

Sai kuma zamanin lasifika. Zaɓen 1979, wanda ya kai Alhaji Shehu Shagari kujerar shugaban ƙasa, da na 1983, sun cika hanyoyin yankin da motocin NPN da GNPP da sauran jam'iyyu, kowace da ƙahon lasifika ɗaure a kanta da amfilifaya mai cin batirin mota. Ta rediyo kuma mutanen garin Shagari suka ji, ranar 31 ga Disamba 1983, cewa soja sun kifar da gwamnatin ɗansu. Siyasa ta tafi ta dawo, amma lasifika ta zauna. Masallatai suka sayi Ahuja da TOA, makarantun Islamiyya suka buƙace su don walimar sauka, 'yan kasuwa masu tallar magani suka ɗora su a kan keke. Matsalar da ta fi kawo su rumfar gyara guda ce: jama'a sun ƙaru, sai kwamitin masallaci ya ƙara lasifika biyu ko uku a kan waya ɗaya. Lasifika mai om 8, in aka jera huɗu a kafaɗa ɗaya, nauyinsu kan amfilifaya ya koma om 2, sai ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, tiransistocin ƙarshe su ƙone. Mai gyara nagari ba ya tsayawa ga canza abin da ya ƙone. Yakan je masallacin da kansa ya sake tsarin wayoyin, domin ya san in bai yi haka ba kafin Juma'a ta zagayo za a dawo masa da ita.

Bayan 1986, lokacin da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, sabuwar amfilifaya ta gagari mutane da yawa, sai masu gyara suka zama masu ƙira. Kafinta ya haɗa akwatin katako, a samo tiransisto 2N3055 a ɗaure shi a kan guntun alminiyam don ya sha zafi, a warware tsohuwar taransifoma a sake naɗe ta da hannu ana ƙidaya zagaye. Don masu aiki da batirin mota mai bolt 12, ƙwayar LA4440 ta zama abin nema. Kayan suna fitowa daga Alaba a Ikko ko Sabon Gari a Kano su sauka a kasuwar Sakkwato, daga can mai gyara na Boɗinga ko Shagari ya sayo abin da aljihunsa ya iya. Lasifikar da ta ƙone ma ba a yar da ita: a ɓamɓare takardar, a cire ƙonannen naɗi, a naɗa sabuwar siririyar wayar tagulla, a manne da gam, a daidaita tsakiya don kada ta gogi maganaɗisu.

A nan ne sana'ar ta haɗu da jita. Kayan kiɗan wannan ƙasa su ne kotso da taushi da kalangu, da goge da kukuma da gurmi. Jita mai lantarki baƙuwa ce, ta fi zama a hannun 'yan bandin otal na birane da kuma Buzayen Nijar. Amma a cikin ciki ba ta da wani sirri da mai naɗin lasifika bai sani ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa, sai 'yar wuta mai rauni ta taso a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta mayar da ita sauti. Lasifika ita ma naɗi ce da maganaɗisu, sai dai aikinta a juye yake, makirfo na hannu shi ma naɗi ne da maganaɗisu. Wanda ya gane ɗaya ya gane ukun. Shi ya sa mai kukuma da ke son a ji shi a filin biki, da baƙon makaɗin da jitarsa ta yi shiru a hanya, duk rumfa ɗaya suke nema.

Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar da duniya ta sani a yau, ya nuna inda wannan hanya ta kai. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayoyin birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, da salon gyaran murya na kwamfuta irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahara kafin wani kamfani ya buga su a waje. Irin situdiyon da suka tashi a lokacin, bayan finafinan Kano sun mayar da fiyanon Yamaha uban kiɗa, ɗakuna ne ƙanana: katifa ko kwalin ƙwai a bango don kashe amsa-kuwwa, kwamfuta ɗaya, miksa, makirfo, da janareto da aka kai can nesa da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga waƙa. Wanda zai kashe gunjin waya, ya haɗa layin ƙasa, ya farfaɗo da miksar da wuta ta buga, daga rumfar gyaran rediyo ya koyi aikinsa.

Wayar salula ta shigo a 2001, kuma cikin 'yan shekaru ta haɗiye rediyo da rakoda da kaset. Yaran masu gyara da yawa suka koma gyaran waya, abin da ba laifi ba ne, domin can abinci yake. Amma yanayin aikin ya sauya. Akwatunan sauti na yanzu masu caji da Bluetooth suna zuwa da allo mai ƙwayoyi ƙanana da ƙarfen garwashi ba ya iya taɓawa, kuma sau da yawa sayen sabon allo ya fi arha a kan neman abin da ya lalace. Yaro zai iya shekara yana cirewa yana sakawa ba tare da ya san abin da kwandensa ke yi ba. Abin da ke ɓacewa shi ne tunanin bin diddigi, wato iya tambayar na'ura har ta faɗi ciwonta.

Wannan tunani kuwa yanzu aka fi buƙatarsa. Gidaje da masallatai da asibitocin karkara a Boɗinga da Shagari suna komawa wutar sola, kuma cikin inbata akwai tiransisto da taransifoma da kwandensa, 'yan'uwan waɗanda ke cikin tsohuwar amfilifaya, masu mutuwa da zafi da ƙura da lodi iri ɗaya. Matasa suna buɗe situdiyo don waƙoƙin biki da na bege da na siyasa, kayansu kuma suna lalacewa. Tsofaffin masu gyara da suka rage suna da abin koyarwa, kwalejojin fasaha na Farfaru da Runjin Sambo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi kuma suna da ɗalibai masu sanin lissafin takarda amma masu ƙarancin aikin hannu. Ya kamata a haɗa su: a gayyaci dattawan nan ajujuwa a biya su haƙƙinsu, a tura ɗalibai rumfunansu su yi watanni, ƙananan hukumomin biyu kuma su sa gyaran kayan sauti da na sola cikin sana'o'in da suke tallafa wa matasa su koya. Yawancin waɗanda suka fara aikin a zamanin Udoji sun tsufa, idanunsu sun yi rauni, kuma ilimin nasu ba a rubuce yake ba. In za a karɓe shi daga hannunsu, yanzu ne lokacin.