Hannun Baba Ma'aji da tambayar da dangin ango suka kawo mana



Da izinin Baba Ma'aji da iyalinsa muke wannan rubutu. Duk mai zuwa taronmu na ƙarshen wata a nan Agege ya san shi. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da littafin kuɗin ƙungiya, ba a taɓa neman ko kwabo an rasa ba.

A littafin nan muka fara ganin alama, sai dai ba mu gane ba. Rubutunsa ya riƙa ƙanƙancewa, layi ya fara da manyan baƙaƙe ya ƙare kamar sawun tururuwa. Sannan hannunsa na dama ya soma karkarwa idan ya ɗora shi a gwiwa, amma da ya miƙa shi zai ɗauki kofin shayi sai ta lafa. Fara'arsa ta ɗauke, har wasu suka ce fushi yake da mu. Tashi daga sujada ya zama aiki, ya bar sahun gaba, daga baya ya koma yin salla a gida.

A nan muka yi kuskure. Wasunmu suka ce tsufa ne, alhali bai kai sittin ba. Wasu suka ce jifa ne, saboda wata rigimar rumfa a kasuwa. Kusan shekara biyu ana tofi da hayaƙi, ba wanda ya ce a je asibiti. Ba mu raina addu'a, amma malamanmu sun koya mana a haɗa ta da neman magani, mu kuwa rabi muka riƙe.

Ranar da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya sa shi ya yi tafiya, ya juya, ya yi ta haɗa yatsu yana buɗewa, sannan ya ce cutar Fakinson ce. An sa mata sunan wani likitan Landan, James Parkinson, wanda ya bayyana ta a 1817. Ita ce aka gano a jikin ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 fiye da mutum miliyan 8.5 ke fama da ita. Aka ɗora Baba a kan maganin lebodofa, cikin 'yan makonni ya koma ɗaura maɓallin rigarsa da kansa.

Muna murna sai ga wata sabuwa. An sa ranar auren 'yarsa, sai dangin ango suka turo wakilai wurinmu, tunda mu muka shiga tsakani tun farko. Tambayarsu ɗaya ce: "Wannan ciwo gado ne? Zai bi jikoki?" Baba da ya ji, cewa ya yi: "Ku yara, in ni ne zan hana yarinyar nan aure, gara ku ce musu na bar gari." Muka ce: "Baba, ku yi haƙuri, ku ba mu mako biyu." Muka koma wurin likita tare da babban ɗansa, muka yi tambayoyi, muka kuma karanta abin da ya nuna mana. Ga abin da muka fahimta.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi, inda wasu ƙwayoyi ke samar da sinadarin dofamin. Shi ke sa motsin jiki ya tafi sumul. A wannan cuta ƙwayoyin nan mutuwa suke yi sannu a hankali, kuma kafin a ga karkarwa kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Idan aka duba waɗanda suka rage, ana samun wani furotin ya dunƙule a cikinsu. Lebodofa yana cike gurbin dofamin ne, ba ya hana mutuwar ƙwayoyin, shi ya sa ake shan sa kullum a kan lokaci.

To ina gado ya shigo? Kowace ƙwaya a jikinmu tana ɗauke da kundi guda na ƙwayoyin gado, kimanin dubu ashirin, da muka samu daga uwa da uba. Kundin ɗaya ne a fata da hanta da ƙwaƙwalwa, amma kowane sashe da shafukan da yake buɗewa. Ana kwafo shafin da ake buƙata, a yanke abin da ba a so, sannan a yi aiki da kwafin, kamar yadda muke fitar da rahoton taro daga dogon rubutun da aka yi a zaure. Don haka masana ba sa tsayawa a kan wace ƙwayar gado mutum yake da ita, suna duba yadda take aiki a ƙwaƙwalwa: ko ta yi yawa, ko ta ja baya, ko kwafinta ya fito da kuskure.

A 1997 aka fara gano ƙwayar gado mai jawo cutar, a wani babban dangi 'yan asalin Italiya, kuma ita ce mai samar da furotin ɗin nan da ke dunƙulewa. A 2004 aka gano wata mai suna LRRK2, wadda wani sauyinta ya yawaita a Arewacin Afirka. Amma yawancin binciken a kan Turawa aka yi shi. Sai a 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta na Ingila da Amurka suka fitar da sakamakon nazari a kan 'yan Najeriya da baƙaƙen fata na ƙasashen waje. Sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 wanda ya yawaita a mutanen Afirka ta Yamma, ba kasafai ake ganin sa a Turawa ba. Aikin GBA1 shi ne samar da sinadarin da ke taimaka wa ƙwaya narkar da sharar cikinta. Binciken da ya biyo baya a 2024 ya nuna sauyin yana ɓata yankan kwafin ne, sai sinadarin ya ragu, shara ta fi sauƙin taruwa.

Ga jigon da muka kai wa dangin ango. Sauyi irin wannan ƙara yiwuwar kamuwa yake yi, ba hukunci ba ne. Mutane da yawa suna ɗauke da shi har su tsufa lafiya lau, kuma ba alamar da za ta nuna wane gida ke da shi, wane ba shi da shi. Mafi yawan masu cutar ba su da wani ɗan uwa na kusa da ya yi ta. Shekaru da muhalli, har da daɗewa ana cuɗanya da wasu magungunan feshi, suna da nasu hannu. Kuma ba a ɗaukar ta ta hanyar musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya.

Sun yi shawara, suka dawo suka ce a ci gaba. Ranar ɗaurin aure Baba da kansa ya karɓi sadaki, hannu na rawa, bai ɓoye shi a aljihu ba.

A taron da ya wuce mun amince asusun taimako zai riƙa tallafa masa da kuɗin magani, domin yanke shi kwatsam yana da haɗari. Matasa biyu za su riƙa raka shi tattaki bayan la'asar, saboda likita ya ce motsa jiki yana taimakawa. Muna roƙon duk wanda ya ga karkarwa, ko nauyin jiki, ko ƙanƙancewar rubutu a wurin wani nasa, ya same mu mu raka shi asibiti, kada a sake ɓata shekara biyu. Idan kuma masu bincike suka nemi jinin mai cutar a asibiti, a saurari bayaninsu, a yi tambaya, kafin a yanke shawara. Waɗanda suka yarda a baya su ne suka sa yau muka samu amsar da muka bayar.

Baba ya dawo sahun gaba, a kan kujera yake salla. Allah ya ƙara masa sauƙi, ya ba dukkan marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya